Jegon Shuhada

Da Shuhada ta fito daga wankan jego, jikinta na ta tururi, sai ta tarar babu jariri a kan katifa. Tawul ɗinsa na nan, gurbin kansa na nan a jikin zanin gado, shi ne dai ba ya nan. Ta ɗaga gidan sauro, ta leƙa bayan katifa, sannan ta fito tsakar gida a guje, daga ita sai ɗaurin ƙirji.

A ƙofar ɗakin Sakinatu, matar yayanta Modu, ta hango shi. Sakinatu na zaune a kujera 'yar tsugunno tana jijjiga shi, mahaifiyarsu Ya Gumsu na tsaye a kanta riƙe da ƙugu.

Shuhada kurma ce. Sanƙarau ya tafi da jinta tun bakinta bai gama buɗewa ba. Yanzu shekarunta ashirin da uku, tana da miji a Gashuwa, Munzali kafinta, shi ma kurma. Ta zo gida Nguru ne haihuwar fari kamar kowace mace. An yi suna lafiya, yaro ya ci Muhammad Auwal.

Ta miƙa hannu biyu. Sakinatu ta dubi surukarta, ba ta ba da yaron ba.

"Kin gani ko?" in ji Ya Gumsu. Ba da 'yarta take ba, da Sakinatu take. "Yaro ya yi kuka har ya shiɗe, uwarsa ba ta san ana yi ba. Yau da ba ma gidan fa?"

"Ai wanka take yi, Ya."

"Ko a gefensa take, ji za ta yi?"

Shuhada ta daki ƙirjinta, ta nuna yaron, ta nuna ɗakinta. Ya Gumsu ta girgiza kai. Ta kwantar da kuncinta a tafin hannu, ta nuna ɗakin Sakinatu. Daga yau a can zai riƙa kwana.

Hannayen Shuhada suka shiga aiki. Tana faɗa wa uwarta cewa da hannunta a kan cikin yaron take barci, ko miƙa ya yi sai ta farka. Tana cewa mace mai kunne ma in ta shiga wanka wani take bar wa ɗanta. Amma a gidan nan babu wanda ya taɓa koyon maganar hannu. Abin da suka iya bai wuce nunin abinci da ruwa da barci ba. Ya Gumsu ta kama hannayen biyu ta sauke mata su ƙasa.

"Ke, ya isa haka. Sai ka ce mai korar ƙuda."

Modu dillalin bandar kifi ne a kasuwa, kuma tun rasuwar mahaifinsu shi ne gidan. Shekara tara da aurensa da Sakinatu, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Da la'asar ya dawo, ya zauna a tabarma kusa da uwarsa. Shuhada na dab da su tana shan kunun kanwa.

"Ya, na daɗe ina tunanin yaron nan," ya ce. "Uwa kurma, uba kurma. Wa zai koya masa magana? Wa zai biya masa Fatiha? In ya faɗa rijiya yana ihu, wa zai ji?"

"Ni ma shi ke hana ni barci. To amma ubansa fa?"

"Munzali? Godiya ma zai yi, an ɗauke masa nauyi. Ba bare muka ba ba, gidan kawunsa ne."

"Ita kuma?"

Modu ya waiwaya ya dubi ƙanwarsa. Ta tsayar da ludayi tana kallon leɓɓansa.

"Za ta yi kukanta ta gama. Yarinya ce, za ta sake haihuwa."

Da farko ana kawo mata shi ya sha nono. Sakinatu ke kawowa, ta tsaya a bakin ƙofa tana jira. Da yaro ya saki nono, kafin Shuhada ta ɗaga shi a kafaɗa ya yi gyatsa, an karɓe. Ta koyi jan lokaci. Takan sauya masa nono a hankali, ta shafa kansa, ta ƙirga yatsun ƙafarsa da leɓɓanta. Ya Gumsu ta gane, ta koma ita ce ke tsayawa a ƙofar.

Kullum da hantsi Shuhada kan jingine wayarta a jikin kwano ta kira Munzali ta bidiyo, su yi hira da hannu. Wata safiya Modu ya leƙo ya ga hannayenta na tashi da ƙarfi, tana nuna sashen Sakinatu, fuskar Munzali a cikin wayar ta ɗaure. Ya shigo ya ɗauke wayar, ya kashe, ya zura a aljihu.

Ta riƙe masa hannun riga. Ya nuna idonta, ya kaɗa yatsa.

"Mai jego ba ta kallon waya," ya ce wa uwarsa da ta taso. "Ido ke mutuwa. In ta yi arba'in na ba ta."

"Gaskiyarka. Ga kurumta ga makanta, ina za mu sa kanmu?"

Ba a jima ba fida, kwalbar shayar da jarirai, ta shigo gidan. Modu ya sayo ta tare da madarar gwangwani. Ya Gumsu ta ce wata tsohuwa a gidan biki ta faɗa mata a nono yaro ke tsotsar lalurar uwa. Modu ya san ciwo ne ya kurmantar da ƙanwarsa, da wayonsa aka kwantar da ita a asibiti. Duk da haka ya miƙa wa matarsa ledar.

Ranar Shuhada ta jira har azahar ba a kawo yaro ba. Ta je ƙofar Sakinatu ta ga labule a sake, ta ɗaga. Auwal na kwance a cinyar Sakinatu, robar fida a bakinsa, yana tura ta da harshe, madara na bin wuyansa. Shuhada ta durƙusa ta buɗe zaninta. Ya Gumsu ta cafko ta ta baya, ta ja ta waje.

Nono ya cika ya yi tauri. Ta riƙa zagayawa bayan ɗaki tana tatsewa a kwanon sha, ta tsaya ta dube shi, ta zubar a gindin darbejiya. Na dama bai yarda ya fita ba. Ya kumbura, ya yi ja, ya yi zafi kamar an ɗora garwashi. Zazzaɓi ya fara zuwa mata da yamma. Ta nuna wa uwarta. Ya Gumsu ta kwaɓa kanwa ta shafa mata.

"Kafewa zai yi," ta ce wa Sakinatu. "In ya kafe ta huta, mu ma mu huta."

Da Munzali ya ga wayar matarsa ta ƙi shiga, sai ya hau mota daga Gashuwa. Ya zo da ɗan gadon jariri da ya haɗa da hannunsa, ya goge shi ya sha fenti. Modu ya tare shi a zaure, ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo fura. Munzali ya rubuta a wayarsa yana tambayar Shuhada. Modu ya karɓa ya rubuta masa cewa lafiyarta ƙalau, barci take, kuma a al'adar gidansu miji ba ya ganin mai jego sai ta yi arba'in. Aka fito da yaro ya gani, ya ɗauke shi, ya yi murmushi, aka mayar. Ya zauna yana kallon ƙofar cikin gida har rana ta yi sanyi. Kunyar surukai ta hana shi kutsawa. Ya tashi don kada mota ta ƙare a tasha.

Shuhada na kwance sai ta hango Modu ta taga ya ratsa tsakar gida da gadon a kafaɗa. Ta san aikin mijinta ko a cikin dubu, shi ke zagaye kusurwar katako haka don kada ta yanki yaro. Gadon bai nufo ɗakinta ba. Ɗakin Sakinatu ya shiga.

Ta zabura ta yi zaure. Babu kowa sai tabarma da kwanon fura. Ta kama ƙofar waje za ta fita, Modu ya riƙo ta. Nan ta saki murya. Ba ta san yadda muryarta take ba, ba ta taɓa ji ba. Ƙara ce mai kauri da ta fito tun daga cikinta, ta cika layin. Mata suka fara leƙowa ta katanga.

"Ya Gumsu, lafiya?"

"Jego ne ya taɓa ta," in ji Ya Gumsu tana haki. "Ku taya mu da addu'a. Shi ya sa ma muka raba ta da yaron, kada ta ji masa ciwo."

"Ayya, Allah ya sawwaƙe. Kun yi dabara."

Aka mayar da ita ɗaki. Modu ya sa kwaɗo ta waje.

Sakinatu ke kai mata abinci. Wata rana ta shiga da yaron goye a bayanta. Ta ajiye kwano, ta ƙi haɗa ido da ita. Shuhada ta rame, leɓɓanta sun bushe, ɗakin ya fara wani irin wari. Sakinatu ta tsaya tana murza bakin zani, sai ta fara magana, don ta san ba za a ji ba.

"Wallahi ba ni na ce a yi ba. Ni aka ba ni na karɓa. Ke shekara ɗaya kika yi Allah ya ba ki. Ni kin san abin da ake ce min a gidan suna? Kin san magungunan da na sha? Ba zan cuce shi ba, Shuhada. Zan riƙe shi fiye da yadda..."

Ba ta ƙarasa ba. Shuhada ta rarrafo ta kama ƙafar yaron da ta leƙo ta ƙasan goyo, ta manna a goshinta. Sakinatu ta ja da baya a hankali har ƙafar ta suɓuce, ta fita, ta mayar da kwaɗo.

Sai da nonon ya fashe, ruwa da jini suka jiƙa katifa, Shuhada ta daina gane wanda ke kanta, sannan tsoro ya kama Ya Gumsu. Modu ya kira mai keke napep aka kai ta asibiti.

Nas ɗin da ta karɓe su, Sista Nguveren, ta buɗe zanin ta rufe, ta dubi Modu.

"Tun yaushe take haka?"

"Bai daɗe ba."

"Ina jaririn?"

"Yana gida."

"Me ya sa ba ya shan nono?"

"Ai kurma ce, Sista. Ba ta iya kula da shi."

"Da kunne ake ba da nono?" Ta nuna masa ƙofa. "Nan ɗakin mata ne, Alhaji. Ka jira a waje."

Aka tsaga wurin aka wanke, aka ɗaura mata ruwa. Washegari da hankalinta ya dawo, Sista Nguveren ta zo duba ta. Ya Gumsu ta fita alwala. Shuhada ta kama rigar nas ɗin, ta nuna wayar da ke aljihunta, ta haɗa tafukanta tana roƙo. Nguveren ta ba ta. Shuhada ta danna lambar da ta haddace, ta nuna a riƙe mata wayar a gabanta.

Fuskar Munzali ta fito, garin katako a gashinsa. Da allurar ƙarin ruwa a bayan hannunta ta faɗa masa komai. Jini ya fara hawa robar, ba ta tsaya ba. Nguveren ba ta gane ko alama ɗaya ba, amma ta ga namiji ya ajiye zarto ya zauna a ƙasa.

Ranar da aka sallame ta, Munzali na bakin asibiti. Ba shi kaɗai ya zo ba. Ya taho da Malam Siddiƙ, malaminsu na makarantar kurame, mai ji da magana, wanda ya iya maganar hannu kamar a bakinsa. Ba su bi ta gida ba. Ƙofar Bulama, mai unguwar, suka nufa, Bulama ya aika a kira Modu da uwarsa da matarsa, a zo da yaro.

Aka zauna a zauren Bulama. Modu ya yi bayani mai tsawo, ya ambaci zumunci, ya ambaci amana, ya ce shi bai ci ribar komai ba sai ɗawainiya. Bulama na gyaɗa kai. Malam Siddiƙ na gefe yana mayar wa ma'auratan kowace kalma da hannu. Karo na farko ke nan da Shuhada ta san abin da yayanta ke cewa a kanta daga farko har ƙarshe.

Bulama ya dubi malamin. "Kai a ina ka koyi wannan abin?"

"A gidanmu, ranka ya daɗe. Iyayena duka biyu kurame ne."

Bulama ya yi gyaran murya. "To. Duk da haka, riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ni ma kawuna ya riƙe ni. Ka faɗa wa Munzali ya yi haƙuri ya bar wa surukinsa wannan. Su yara ne, Allah zai ba su wani."

Malam Siddiƙ bai gama mayarwa ba Shuhada ta daki tabarma da tafin hannu. Kowa ya juyo.

"Tana da magana," in ji Malam Siddiƙ.

"Ai mijinta na nan."

"Ta ce ita ta haifa."

Ta gyara zama saboda ciwon, ta fuskanci uwarta. Hannayenta suka tashi, muryar Malam Siddiƙ na bin su.

"Ya, ni ce Shuhada. Ni nake miki tuwo tun ina 'yar shekara goma. Ni na yi jinyar Baba har ya rasu, ni nake juya shi, ba a ce kurma ba ta iyawa ba. Ranar da naƙuda ta kama ni babu wanda ya ce in kawo a yi min. Sai da ya fito ya zama mutum sannan na zama ba na iyawa.

"Kun zauna a gabana kun raba ni da ɗana ina shan kunu. Ban ji ba, amma na ga bakinku, na ga inda idonku ke zuwa. Akuya ma in za a ɗauke mata ɗa ana kawar da ita gefe. Ni ko wannan ba ku yi min ba.

"Kin ce wa maƙwabta na haukace. Ya, kin san ban haukace ba. Kin ga nonona na ruɓewa kin shafa min kanwa, don kina so ya kafe."

Ya Gumsu ta ja mayafi ta rufe baki. Shuhada ta juya wajen Sakinatu.

"Ke kuma na san abin da ke cin ranki, ina ganinki a gidan suna. Da kin zo kin zauna kusa da ni kin tambaye ni, da ko ba wannan ba, wata rana sai in kawo miki da hannuna. Amma kin goya shi kin shigo kin ajiye min abinci kamar fursuna."

Sakinatu ta sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, kawunka ya riƙe ka, amma na tabbata an tambayi mahaifiyarka. Ni ba a tambaye ni ba. Yanzu ina faɗa ba a tambaye ni ba: ban bayar ba. Yau zan tafi da shi Gashuwa. In an hana ni, gobe da safe ina gaban alƙali, da wannan ciwon zan je, in buɗe masa ya gani."

Bulama ya shafa gemu, ya dubi Modu.

"Modu, in ta kai gaban alƙali ba ka da abin faɗa. Kuma garin nan kaf zai ji. Ka ba ta ɗanta."

Modu ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Shi ke nan. Wanda ka yi wa rana shi ke kai ka ƙara. Amma Malam, ka faɗa mata da kyau: in ta fita da yaron nan, ba ni ba ita. Ko mutuwa aka yi kada ta tako min gida."

Malam Siddiƙ ya faɗa mata, bai rage komai ba. Shuhada ta dubi uwarta, ta daɗe tana dubanta. A gidan Modu Ya Gumsu ke zama, daga hannun Modu take ci. Ta kafa ido a tabarma.

Shuhada ta dafa bango ta tashi. Ta je bayan Sakinatu, ta kwance majanyin da kanta. Yaron ya farka ya fara kuka. Ta zauna ta ba shi nonon hagu, wanda ba a tsaga ba. Ya kama ya saki, ya kawar da kai, ya ƙara ƙarfin kuka. Ya manta. Ta sake gwadawa, ya ƙi. Ta runtse ido na ɗan lokaci, sannan ta miƙa wa Sakinatu hannu ba tare da ta dube ta ba. Sakinatu ta ciro fidar daga jaka ta sa mata a tafi, ta fita da gudu tana kuka.

Munzali ya tsayar da mai keke. Ba su koma ɗaukar kaya ba, ko gadon ba su nema ba. Shuhada ta shiga da yaron a ƙirjinta, a ɓangaren da ba ciwo.

Malam Siddiƙ na sa takalmi a ƙofar zaure Ya Gumsu ta matso kusa da shi, ta rage murya.

"Malam, don girman Allah. Duk abin nan da ka faɗa, ita ta faɗa? Ko kai ka gyara mata?"

"Hajiya, hannunta ya fi bakina sauri. Abin da na iya kamowa kawai kuka ji."

"Dama tana da magana haka?"

"Shekara ashirin tana yi miki ita a tsakar gidanki."

Malam Siddiƙ ya shiga gaba kusa da direba. Keken ya tashi. Shuhada ta waiwayo sau ɗaya. Ya Gumsu ta fito tsakiyar layi, ta ɗaga hannu da sauri za ta ce wa 'yarta wani abu. Hannun ya tsaya a sama, yatsun a buɗe. Ba ta san yadda ake faɗa ba.